Gigin Tsufa da Lissafin Yasa: Fagen da Ya Kamata Jami'o'inmu Su Shiga

A ƙasar Hausa, idan dattijo ya fara ɓacewa a hanyar masallacin da ya shekara arba'in yana bi, ko tsohuwa ta riƙa kiran jikarta da sunan ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, sai a ce gigin tsufa ne, wani lokacin kuma a jingina lamarin ga iska ko sammu. Ilimin likita ya tabbatar da cewa cuta ce, cutar mantuwa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana addabar mutane fiye da miliyan 55, kuma sama da kashi 60 cikin 100 nasu a ƙasashe marasa ƙarfi da masu matsakaicin tattalin arziki suke. Ra'ayina shi ne, akwai ƙofar shiga binciken wannan cuta da ba ta fi ƙarfin aljihun jami'o'inmu ba, wato ƙofar lissafi, kuma dattawan Tsibiri da sauran garuruwan Maradun, Bakura da Talata Mafara suna da haƙƙi a kanmu mu shige ta.

A shekarar 1906 likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana abin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu da wannan ciwo: curi-curin abu a tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da zare-zare a cukurkuɗe a cikinsu. Daga baya aka gano cewa furotin iri biyu ne, amiloid da tau, waɗanda suka lauye suka manne da juna. Jiki yana da hanyar kawar da irin wannan datti. Kowace ƙwayar halitta tana naɗe abin da ya lalace a cikinta, ta miƙa shi ga wata 'yar jaka mai narkarwa, ta sake amfani da abin da ya narke. Christian de Duve na Beljiyam ne ya raɗa wa aikin suna otofaji, wato cin kai, a 1963, kuma Yoshinori Ohsumi na Japan ya samu kyautar Nobel a 2016 saboda gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da shi.

Manomin rani a filayen Bakolori ya riga ya san jigon wannan lissafi. Ruwan dam yana zuwa da laka, laka tana kwantawa a magudana, manoma suna yashewa. A ƙaddara kullum buhu 10 na laka ke shigowa, ana kuma kwashe kashi ɗaya cikin goma na abin da ya taru. Tarin zai tsaya a buhu 100, domin a nan ne abin da ake kwashewa ya yi daidai da abin da ke shigowa. In yasa ta ragu da rabi, tarin zai hau zuwa buhu 200 ya sake tsayawa.

A ƙwaƙwalwa akwai ƙarin abu biyu da suke dagula wannan daidaito. Na farko, furotin da ya lauye yana lauyar da lafiyayyen da ya taɓa, ruɓaɓɓen tumatir a cikin kwando ke nan. Na biyu, tarin da ya yi yawa yana raunana ita kanta hanyar yasar. Idan aka zuba waɗannan biyu a lissafi, sai wata iyaka ta bayyana. Muddin ƙarfin yasa yana sama da ita, dattin da ya ɓulla zai gushe. Da zarar ya faɗo ƙasa da ita, tarin zai ci gaba da haifar kansa. Masana irin su Alain Goriely na Jami'ar Oxford da Ellen Kuhl ta Jami'ar Stanford sun yi amfani da wani tsohon lissafi na 1937, wanda Fisher da Kolmogorov suka tsara don bayyana yaɗuwar siffofin gado, suka zana yadda cutar ke tafiya daga sashe zuwa sashe, kuma zanen ya yi kama da matakai shida da Heiko da Eva Braak suka bayyana a 1991 bayan nazarin ƙwaƙwalwar mamata.

Amma lissafi awo ne, kuma abin da aka zuba masa shi yake aunawa. Mafi yawan alƙaluman da ake ciyar da waɗannan tsare-tsare daga asibitocin Turai da Amurka suka fito. Binciken Ibadan da Indianapolis, wanda aka fara a 1992, ya nuna hatsarin aron awon wani: an samu cutar mantuwa a kimanin kashi 2 cikin 100 na tsofaffin Yarabawan Ibadan, alhali ta kai kusan kashi 8 a tsakanin baƙar fatar Amurka. Binciken da aka gudanar a Zariya aka buga a 2011 ya samu kusan kashi 3. Abinci, hawan jini, barci, wahalar aiki da tsawon rai duk suna sauya lambobin da ke cikin lissafin. In ba mu tattara namu ba, za a ɗinka mana riga da awon wani.

Mai ƙorafi zai ce jihar da ke fama da 'yan bindiga, zazzaɓin cizon sauro da tamowa ba ta da sukunin wannan nazari. Maganar tana da nauyi. Sai dai maganin lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023 an sa masa farashin dala 26,500 a shekara a lokacin, yana kuma buƙatar hoton ƙwaƙwalwa a kai a kai, don haka ba zai iso gidan manomin Tsibiri nan kusa ba. Rigakafi ne rabonmu. Kwamitin mujallar Lancet ya bayyana a 2024 cewa abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, raunin ji, shan taba da ƙarancin ilimi, suna da hannu a kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. Lissafi ne zai nuna wa ƙaramar hukuma mai ƙaramin kasafi inda naira ɗaya za ta fi tsawaita hankalin tsofaffinta.

Wajibi ne kuma a ja kunnen masu yaɗa cewa Ohsumi ya tabbatar azumi na warkar da cutar mantuwa. A kan ƙwayoyin yis ya yi aikinsa, kuma falalar azumi ba ta buƙatar a jingina ta da da'awar da bincike bai yi ba.

Abin da nake kira gare shi mai yiwuwa ne. Sashen lissafi na Jami'ar Jihar Zamfara da ke Talata Mafara da na Jami'ar Tarayya ta Gusau su haɗa kai da likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, a zaɓi ƴan garuruwa, a riƙa auna jini, ji da tunanin dattawansu duk shekara. Masana Hausa kuma su daidaita gwajin tunani da rayuwarmu, domin tambayar wanda bai yi boko ba ya zana agogo zalunci ne. A tambaye shi ranakun kasuwanni da jerin watannin Musulunci. Kayan aikin su ne kwamfuta, ma'aunin hawan jini, littafin rajista da haƙurin shekaru goma. Da ƙarfinsu waɗannan dattawa suka yashe magudanan da suka ciyar da mu, bai kamata hankalinsu ya cushe muna kallo muna cewa tsufa ne ba.