Muryar Barmani Choge Gado Ce, Kada A Bari Ta Salwanta

Tun da Allah Ya yi wa Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa rasuwa cikin watan Maris na 2013, har yau ba a sami macen da ta maye gurbinta a fagen waƙar amada ba. Mutanen Arewa mazauna Ikko da Badun da Anaca shaidu ne, domin in bikin mata ya yi biki, muryarta ake nema.

Sai dai jama'a da yawa suna tuna ta ne da barkwanci da habaicin kishiya da kiran mata su kama sana'a, suna mance gwanintar muryar kanta. Kayan kiɗanta ƙore ne kurum, wata a kife cikin ruwa, mata na dukansu da 'yan sanduna. Ƙarar ƙwarya kuwa kaifi gare ta, takan danne duk muryar da ba ta da ƙarfi. Amma Barmani takan hau bisa kiɗan nan, kowace kalma ta fito tangaram, har na bayan fage ya ji. Ta san inda za ta ja numfashi, ta san inda za ta saki baiti 'yan amshi su cafe. Ga shi kuma Hausa harshe ne mai hawa da sauka, in mawaƙi ya karya lafazi sai kuka na hawaye ya koma kuka ta miya. Ita kam takan lanƙwasa murya yadda ta so, ma'ana kuwa tana nan daram.

Wasu al'ummai sun san darajar irin wannan baiwa. Turawa suna da waƙar wasan kwaikwayo da suke kira opera, inda mace kan rera waƙa ba lasifika, muryarta ta rinjayi taron makaɗa. Shahararriyarsu, Maria Callas, ta rasu a birnin Paris a 1977, amma har yanzu ana gyara fayafayanta ana sake fitarwa. Ummu Kulsum ta Masar ta rasu a 1975, a 2001 aka buɗe gidan tarihi da sunanta a Alƙahira. To, ina aka tara waƙoƙin Barmani da na magabaciyarta, Uwaliya Mai Amada ta Kano? Yawancinsu suna warwatse ne cikin tsofaffin kaset da wayoyin jama'a.

Ba Funtuwa da Kano kaɗai abin ya shafa ba. A ɗauki Lafiya misali, garin da Hausa ta haɗa Barebari da Alago da Gwandara da Eggon da Fulani a kasuwa ɗaya. Tun 1996 ita ce hedkwatar Jihar Nasarawa, tana da gidan rediyon jiha, ga kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Ya kamata waɗannan ma'aikatu su bi unguwa-unguwa, su ɗauki muryoyin tsofaffin mata masu waƙar biki da ta daka da ta niƙa, tun suna raye. Injin niƙa ya riga ya kori dutse, waƙarsa ma tana bin sa.

Mazauna Kudu ma da nasu aikin. Mai aurar da 'ya a Agege ko Sabon Badun yakan kashe kuɗi masu yawa wajen hayar na'urar kiɗa, a wuni ana jin muryoyin da kwamfuta ta gyara. Lalle ne ya ware wani abu ya kirawo masu amada, ko da daga gida za a ɗauko su. Mawaƙiyar da ake kira ana biyanta ita ce za ta sami 'yan koyo. Yarinyar da aka haifa a Ikko kuma ta ji da kunnenta yadda murya tsagwaronta ke cika fili. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah Ya jiƙan Barmani, Ya gafarta mata, amin.