Me Ya Sa Cipro Ke Gaza Kashe Taifot?

A kyamis da yawa na Kano ko Maraɗi, da mutum ya ce jikinsa da zafi, sai a miƙo masa Ciprofloxacin (Cipro), wani lokaci ƙwaya huɗu kacal, gwargwadon kuɗin aljihunsa. Mai sayarwa da mai saye duk ba su damu da inda maganin ke kai hari ba, alhali nan ne matsalar take.

Kafin bakteriya, irin wadda ke haddasa taifot, ta rabu gida biyu, dole ta kwafi DNA ɗinta baki ɗaya, kuma sinadaran da ake kira inzayim ne ke wannan aiki. Helikes ke tsage silin DNA biyu da ke murɗe da juna. Folimares, wanda Arthur Kornberg ya gano nau'insa na farko a 1956, shi ke jera sababbin haruffan gado, kusan 1,000 a daƙiƙa guda a cikin bakteriyar E. coli, yana tafe yana gyara kurensa. Laiges kuma ya liƙe guntayen da suka rage.

Sai dai duk wanda ya taɓa warware igiya mai tufka biyu ya san gabanta kan ƙara murɗewa har ta cije. Haka DNA ke yi. Jaires, inzayim ɗin da Martin Gellert da abokan aikinsa suka gano a Amurka a 1976, yakan datse silin, ya sassauta murɗin, ya sake haɗa shi. Cipro na kama jaires ne daidai lokacin da ya datse, ya hana shi haɗawa, DNA ta kakkarye, ƙwayar cutar ta mutu. Inzayim ɗin da ke irin wannan aiki a jikin ɗan'adam ya sha bamban a siffa, shi ya sa maganin ba ya yi masa irin wannan ɓarna.

To amma folimares, duk da ƙwarewarsa, yakan yi kure jefi-jefi. Harafi ɗaya ya sauya a ƙwayar gadon jaires, maganin ya rage kamawa. Idan aka sha shi rabi da rabi, ƙwayoyin cuta masu rauni su mutu, masu wannan sauyi su samu fili su hayayyafa. A 2016 aka samu ɓarkewar taifot a Haidarabad ta Pakistan wadda ta gagari Cipro da wasu magunguna da dama.

Sai dai laifin ya wuce na majinyacin da kuɗinsa bai kai ba. Gwajin Widal, wanda ɗakunan gwaji suka fi dogara da shi, yakan nuna taifot ga mai zazzaɓin cizon sauro, sai a ba shi Cipro a banza. A Najeriya, kamata ya yi hukumar NAFDAC da majalisar kula da harhaɗa magunguna su hana sayar da Cipro ba tare da takardar likita ba, gwamnatocin jihohi kuma su wadata manyan asibitoci da kayan gwajin jini da ke rainon ƙwayar cutar, a san wace ce, da maganin da ke kashe ta.