Sun Kwafo Nacin Rahul, Sun Baro Tsoron Kiran a Indiya



Maudu'inmu na wannan mako tsohon fim ne, ya ma girmi da yawa daga cikinmu, amma har gobe bai daina raba kan masu kallo ba. Muna nufin Darr, fim ɗin Indiya da ya fito a watan Disambar 1993. Duk wanda ya saba zama a gidan kallo a Birnin Kudu, ko a rumfar masu tura fim a waya a Gwaram da Sara, ya san irin musun da ake tafkawa idan aka ɗauko hirar fim mai irin wannan zubi. Wani ya ce bos ɗin ya ba shi tausayi, wani ya ce fim ne na ɓata tarbiyya, wani kuma ya ce ai mahaukaci ne kawai, a wuce wajen. Mu a ganinmu duka ukun ba su karanci fim ɗin daidai ba, kuma marubucin da ya mayar da ɗaya daga cikin waɗannan ra'ayoyi alƙiblarsa, ɓarna zai rubuta.

Bari mu fara da mai fim ɗin. Yash Chopra ba sabon shiga ba ne. An haife shi a 1932, ya fara ba da umarni a 1959, shi ya yi Deewaar a 1975 da Kabhi Kabhie a 1976 da Chandni a 1989. Lokacin da Darr ya fito yana da shekara 61, an kuma san shi da finafinan soyayya masu furanni da duwatsun ƙanƙara. Sai ga wannan dattijo ya zo da labarin da sunansa kansa ke nufin tsoro.

Ga waɗanda ba su kalla ba: Rahul, wato Shah Rukh Khan, ya kamu da son Kiran, wato Juhi Chawla, tun suna kwaleji, alhali ita da ƙyar ta san da zamansa. Tana da wanda take so, Sunil, sojan ruwa, wanda Sunny Deol ya fito a matsayinsa. Rahul ya dinga kiranta a waya ba tare da ya faɗi sunansa ba, yana bin ta duk inda ta sa ƙafa, yana haska hotunanta a bangon ɗakinsa. Yana ɗaukar waya ya yi ta hira da mahaifiyarsa da ta daɗe da rasuwa. Ya rubuta sunan Kiran a ƙirjinsa da wuƙa. Ya kashe abokinsa, ya shirya abin kamar shi ya kashe kansa, don a zaci mai bibiyar ne ya mutu. Bayan an ɗaura mata aure ya bi su har Suwizalan, ya soki mijin, ya ɗauke ta a jirgin ruwa zai aure ta dole. A nan Sunil ya cim masa ya kashe shi.

Wannan shi ne mutumin da rukunin farko na masu kallo ke kira masoyin gaskiya. Hujjarsu ita ce ya fi Sunil son ta, tunda har jininsa ya zubar. To mu tambaye su: a duk tsawon fim ɗin, sau nawa Rahul ya tsaya ya ji abin da Kiran take so? Ko sau ɗaya. Bai san ta ba, hoton da ya zana a kansa ya sani. Yarinyar da ke firgita duk lokacin da waya ta yi ƙara, wadda ta kusa zarewa saboda shi, ba ta cikin lissafinsa. Abin da yake so shi ne ya mallaka, kuma mai son mallaka ko akuya ya ɗaure haka zai yi ta shafa ta. Wanda ya kalli wannan ya ce so ne, da idon Rahul ya kalli fim ɗin daga farko har ƙarshe, bai taɓa aron idon Kiran ba.

Ba za mu wanke Chopra tas ba. Yana da nasa kason. Ya ba Rahul waƙar da ta fi kowace daɗi a fim ɗin, ya ba shi in'ina idan zai ambaci sunanta, ya ba shi maraici, sannan a ƙarƙashin sunan fim ɗin ya rubuta cewa labarin soyayya ne mai tashin hankali. Da ya kira shi soyayya, ya buɗe wa masu tausayi ƙofa. Sakamakon ya fito fili: bos ya danne jarumi a zukatan jama'a, tauraron Shah Rukh Khan ya ɗaga, Sunny Deol ya yi fushi, bai sake fitowa a fim ɗin da Chopra ya ba da umarni ba. Darasin farko ga marubuci ke nan. Duk wanda ka ba kalamai mafi zaƙi a labarinka, shi mai karatu zai bi, ko da ka kashe shi a shafin ƙarshe.

Rukuni na biyu su ne masu tambayar da duk marubucin Hausa ya sha ji: ina darasin? A wajensu labarin da ya shiga cikin kan mugu ya nuna yadda yake tunani, koyar da mugunta yake yi. Suna so mugu ya zo da baƙaƙen kaya da muguwar dariya tun fitowar farko, a ƙarshe kuma a kawo malami ko alƙali ya yi wa'azin minti biyar. Muna girmama kishinsu ga tarbiyya, amma maganarsu ba ta tsaya da ƙafarta ba. Mugun da ake gane shi daga nesa bai koya wa kowa komai ba, domin ba a haɗuwa da irinsa a layi. Wanda ke cutar da 'ya'yan mutane yakan zo da sallama, da ladabi, da kyautar turare. Rahul ɗan babban gida ne, mai kunya, har abota ya ƙulla da mijin Kiran. Yarinyar da ta kalli wannan da idon basira ta koyi abin da wa'azin minti biyar ba zai koya mata ba.

Hukuncin masu kallo na farko kuma ba wahayi ba ne. Mu leƙa Ingila mu ga misali. A 1960 wani tsohon darakta mai suna Michael Powell, wanda ƙasar ke alfahari da shi saboda finafinai irin su The Red Shoes na 1948, ya fito da Peeping Tom, labarin wani matashi mai ɗaukar hoto da ke kashe mata, wanda mahaifinsa ya yi ta gwajin tsoro a kansa tun yana yaro. Masu sharhi a jaridu suka yi masa ca, sana'arsa a Ingila ta durƙushe. A wannan shekarar dai Alfred Hitchcock ya fito da Psycho a Amurka, shi ma labarin mai kisa ne da ƙwaƙwalwarsa ta taɓu, jama'a suka yi ta tururuwa, ya samu kuɗi masu yawa. Sai a 1979 Martin Scorsese ya taimaka aka sake fito da fim ɗin Powell, yau kuma ana lissafa shi cikin manyan finafinan Ingila. Shekara ɗaya, jigo kusan ɗaya, an jefi wani an ɗaga wani. Shi kuwa Darr, mai wuƙa da jini, gwamnatin Indiya ta ba shi lambar yabo ta ƙasa a rukunin fim mai farin jini da ke nishaɗantarwa cikin tsafta. Wanda zai auna rubutunsa da tafi ko ihun ranar farko, da ma'aunin da ke sauyawa yake awo.

Masu cewa irin wannan duhu baƙon abu ne a adabinmu, su koma su buɗe Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan zube na farko da aka buga da Hausa a shekarun 1930. Abubakar ya rasa Zainabu, attajiri Malam Shehu ya aure ta. Maimakon ya haƙura, sai ya bazama neman asirin da zai rama, ya kuma sauke shi a kan ɗan da suka haifa. Yaron ya zama ɓarawo, har ta kai shi ga kashe mahaifinsa. Kusan shekara sittin kafin Darr, an riga an rubuta da Hausa yadda so kan rikiɗe ya zama ƙulli a zuciya, kuma an sa littafin a makarantu, ba wanda ya ce ya lalata ɗalibai. Bambancin shi ne littafin bai taɓa bari mai karatu ya manta da wanda ya biya kuɗin wannan ƙulli ba.

Rukuni na uku su ne masu cewa ai mahaukaci ne, ko kuma iska ce ta shige shi. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi ta rufe magana, kuma tana zaluntar ɓangare biyu. Tana zaluntar masu lalurar ƙwaƙwalwa na gaskiya, waɗanda ake kai wa Kazaure ko Dawanau, mafi yawansu ba su taɓa cutar da kowa ba, su ake cutarwa, su ake ɗaurewa da mari. Sai a watan Janairun 2023 Nijeriya ta samu sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958, wadda tun daga sunanta mahaukata take kiransu. Sannan tana wanke lafiyayyun maza masu halin Rahul, domin idan naci hauka ne, to saurayin da ke tare yarinya a hanyar Islamiyya kullum bayan ta ce ba ta so, shi lafiyarsa ƙalau, ba ruwansa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne abin da muke gani a littattafan da ke yawo a WhatsApp da Wattpad. Wasu marubuta sun ɗauko halin Rahul ɗungurungum sun ɗora wa jaruminsu. Attajiri ne, miskili, ya ga yarinya sau ɗaya ya rantse sai ya mallake ta. Ya sa a bi ta, ya kori saurayinta, ya saye iyayenta, ya mare ta, wani lokaci ya yi mata abin da ya fi mari muni. Zuwa babi na talatin ta gano ashe duk so ne, a babi na arba'in ta haifa masa tagwaye. Chopra, duk da laifinsa, ya bar wa Kiran tsoronta har ƙarshe, bai sa ta so Rahul ba ko na minti ɗaya. Waɗannan kuwa sun cire tsoron sun sa biki a gurbinsa. Masu tambayar ina darasi ba su cika ɗaga murya a nan ba, saboda an ƙare da aure. Ga shi kuwa nan ne ainihin ɓata tarbiyyar take.

Wannan ba wasan takarda ba ne. Ba mu manta da abin da ya faru a unguwar Janbulo a Kano a watan Satumbar 2022 ba, inda wani ɗan ƙasar Sin ya shiga har gida ya kashe matashiyar da ya ce yana so, kotu kuma ta yanke masa hukuncin kisa a watan Maris na 2024. Ba mu ce littafi ko fim ne ya sa shi ba. Abin da muke cewa shi ne, 'yar shekara sha shida da ke karatu a wayar yayarta a Basirka ko Kantoga tana koyon sunayen abubuwa daga wajen marubuta. Idan aka koya mata cewa sunan wannan hali so, ranar da ta gamu da shi ba za ta gudu ba.

Za a ce mana kasuwa ce, abin da masu karatu ke biya ke nan. Gaskiya ne suna biya. Amma Darr ma ya yi kasuwa, kuma bai aurar da Kiran ga mai bibiyarta ba. Abin da ke riƙe mai karatu shi ne bugun zuciya, son sanin me zai faru a shafi na gaba, tsoro kuwa ya fi kowace soyayyar dole iya kawo wannan.

Saboda haka ga abin da muke kira gare shi. Ku rubuta duhu, kada ihun kowa ya hana ku. Ku shiga kan mugu ku nuna mana yadda yake yi wa kansa huɗuba har ya ga shi aka zalunta. Amma duk shafin da kuka ba shi, ku ba wadda yake bi nata shafin. Ku ɗauki ɗaliba mai koyon aikin jinya a Birnin Kudu, baƙuwar lamba na kiranta ƙarfe biyun dare, ta sauya layi, bayan kwana uku kiran ya dawo. Ta daina bin hanyar da ta saba. Ta kasa faɗa wa Baba, domin tambayar farko da za a yi mata ita ce a ina ya samu lambarki. Ta faɗa wa ƙawarta, ƙawar ta yi dariya ta ce ke dai kin yi dace da mai sonki. Ranar nan ta dawo gida ta tarar da shi zaune a zaure, yana gaisawa da yayanta cikin ladabi, an kawo masa ruwa. Ba wuƙa, ba jini, ba aljani, amma wanda ya karanta wannan babi ba zai yi barci da wuri ba.

Idan kun gama, ku ba mutum biyar su karanta, ku saurari ra'ayinsu da kyau. Kada ku tambaye su ko ya yi daɗi. Ku tambaye su wa suka ji wa tsoro, wa kuma suka tausaya wa. In duka biyar ɗin suka ce jarumin ya burge su, yarinyar ce mai taurin kai, to ku koma kan rubutun, akwai shafukanta da ba ku rubuta ba tukuna.

Allah Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.