Doki Mai Ƙarfi Shi Ya Fi Bukatar Linzami

Ya ku 'yan makaranta, akwai wata magana da mu ke ji a bakin waɗansu masu ilmi, wai Majalisar Dokoki ita ce jama'a, saboda haka duk abin da mafi yawan wakilai suka ɗaga wa hannu ya zauna, ba mai tayarwa. Mu dai ba mu yarda ba, ga kuwa dalilinmu.

Ku dubi Afirka ta Kudu. Dokar 1909 da ta kafa ƙasar ta ce ba za a taɓa ƙuri'ar waɗanda ba Turawa ba a Lardin Kef sai majalisu biyu sun zauna tare, kashi biyu cikin uku sun amince. A 1951 gwamnatin Malan ta so ta fid da 'yan ruwa biyu daga rajistar zaɓe ta kowa da kowa. Ba ta da wannan yawan, sai ta zartar da dokar da rinjayen da ta ke da shi. A 1952 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce dokar banza ce.

Me wakilai suka yi? Suka yi wata doka, suka naɗa kansu kotun da ta fi kowace kotu, suka zauna suka ba kansu gaskiya. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi ke nan! Alƙalai suka rushe wannan ma. A 1955 sai aka kumbura Majalisar Dattawa daga kujeru 48 zuwa 89, aka ƙara alƙalai suka zama 11. A 1956 suka sami biyan bukata. Alƙali ɗaya tak, Oliver Schreiner, ya ƙi.

Watakila wani ya ce, to, ina amfanin shingen da aka ƙetare? Amfaninsa shi ne ya tsai da su shekara biyar, ya tilasta musu su yi ɓarnar da rana tsaka duniya na kallo. Da babu shi, zama ɗaya ya ishe su. Abin da ya rasa shi ne isassun masu gadi. Mutanen ƙasar kuwa sun ɗauki darasi, gama tsarin mulkinsu na 1996 ya ɗora kansa bisa Majalisa, duk dokar da ta saɓa masa ba doka ba ce.

Masu ja da mu suna cewa alƙali ba zaɓaɓɓe ba ne. Gaskiya ne. Amma wakili ɗan aike ne, ɗan aike kuwa ba shi da ikon korar wanda ya aike shi. Majalisar da za ta iya zaɓen waɗanda za su zaɓe ta, wa ta ke wakilta?

Gobe waɗansunku za su zauna a kujerun nan. Ran da rinjaye ya ke hannunku, ku tuna zai koma hannun wani, linzamin da ya dame ku kuwa shi ne zai tsare ku. Allah ya sa ku gane, amin.