GANI YA KORI JI, AMMA GANI KAƊAI BA YA ƊAURE RAUNI

Ina so in yi amfani da filin da aka ba ni a mujallar makarantarmu ta bana in jawo hankalinmu ga wata sabuwar fasaha wadda ba ta riga ta zama ruwan dare a ƙasar Daura ba, amma tana nan tafe. Ra'ayina shi ne mu koye ta tun da wuri, mu yi aiki da ita da hannunmu, mu kuma san iyakarta.

MECE CE WANNAN FASAHA?

Kakanninmu sun san majigi, lokacin da akan kafa farin ƙyalle a dandali da dare. Iyayenmu suka ga talabijin da bidiyo. A duk waɗannan, mai kallo yana zaune a waje ne, hoto yana gabansa. Sabuwar fasahar kuwa takan shigar da mutum cikin hoton. Akan ɗauki hoton da kyamara mai gani ta kowace fuska, ko a zana shi da kwamfuta, sa'an nan mai kallo ya ɗaura wani irin tabarau mai kauri a idonsa. In ya waiwaya dama ya ga abin da ke dama, in ya ɗaga kai ya ga sama, sauti kuma yana zuwa masa daga inda abin yake. Turawa suna kiranta VR, mu kuwa bari mu kira ta hoton kewaye.

Akwai kuma irin wadda ba a bukatar tabarau. A shekarar 2018 wata ƙungiyar masu zane ta Japan mai suna teamLab ta buɗe wani gida a Tokiyo inda furanni da ruwa na haske suke yawo a bango da ƙasa, suna sauyawa in mutum ya taɓa su. A 2024 aka buɗe irinsa a birnin Jidda.

ABIN DA AKA RIGA AKA YI A AREWA

Kada wani ya ce wannan abin Turai ne kawai. A shekarar 2018 wani ɗan Nijeriya mai suna Joel Kachi Benson ya yi fim na hoton kewaye mai suna In Bakassi, a kan wani yaro maraya a sansanin 'yan gudun hijira na Bakassi a Maiduguri, yaron da firgicin abin da ya gani bai sake shi ba. A 2019 kuma ya yi Daughters of Chibok, a kan wata uwa wadda 'yarta tana cikin 'yan mata 276 da aka sace daga makarantarsu a watan Afrilu na 2014. Fim ɗin ya ci kyauta a bikin finafinai na birnin Venis a Italiya a wannan shekarar. Mutanen da ba su taɓa taka Borno ba suka tsaya a tsakar gidan matar nan, suka ga kayan 'yarta da take adanawa tana jiran dawowarta. Labarin da duniya ta fara mantawa da shi ya sāke zama sabo a zukatansu.

To, in an yi haka da labarin Chibok, me zai hana a yi da namu? Ina ganin akwai abubuwa uku a masarautar Daura da suka cancanci wannan aiki.

NA FARKO: ASALINMU

Kowane yaro a Daura ya san labarin rijiyar Kusugu, da macijin da ake kira Sarki wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Jumma'a, da baƙon nan Bayajidda wanda ya kashe shi ya auri Daurama. Amma ɗan Bahaushen da aka haifa a Akara ko Kumasi ko Landan fa? Sai dai ya ji a baki. Da hoton kewaye zai iya leƙa rijiyar, ya tsaya a ƙofar fada ya dubi zanen da magina suka yi a bango, ya ji kakaki da algaita ranar hawan Sallar Gani dawakai suna wucewa ta gefensa. Tarihin nan gādonmu ne duka, Kirista da Musulmi. In ba mu ɗauke shi da kanmu ba, wani zai zo daga nesa ya ɗauka, ya sa masa fassarar da ya ga dama, mu kuma mu biya kuɗi mu kalla. Ginin ƙasa kuma ba ya jira. Duk damina akwai soron da ke faɗuwa da zanensa, a maye gurbinsa da bulo.

NA BIYU: BISHIYOYINMU

Ku tambayi tsofaffi a Baure, Zango, Mai'adua ko Sandamu, za su gaya muku wuraren da dā akwai gawo da kanya da tsamiya, yanzu sai rairayi. Jihar Katsina tana cikin jihohi 11 na Nijeriya da ke bakin hamada, waɗanda shirin shingen bishiyoyi da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya shafa. Matsalar ita ce hamada ba ta zuwa da gudu, saboda haka ido ba ya lura da ita.

A nan fasahar take da amfani. A 2017 wasu masu fasaha a Amurka suka yi wani aiki mai suna Tree, inda mai kallo yakan zama bishiyar rimi a dajin Amazon. Hannuwansa su zama rassa, ya yi girma tun daga ƙwayar iri, daga ƙarshe ya ga wuta tana cin dajin tana matsowa kusa da shi. Mu ma muna da labarin da ya fi wannan daɗi, a nan maƙwabta. A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM mai suna Tony Rinaudo ya lura a Maradi cewa kututturan da manoma suke sarewa kowace shekara saiwarsu tana da rai. In aka bar reshe ɗaya ko biyu aka aske sauran, sai bishiya ta tashi ba tare da an dasa ba. Wannan dabara, wadda ake kira sassaben zamani, ta farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 a Nijar, musamman a yankunan Maradi da Damagaram. Ku yi tunani a ɗauki gona ɗaya a can, gero yana tsaye kore shar a gindin gawo, a kawo wa manomin da bai yarda ba ya tsaya a cikinta ya duba da idonsa. Ai Hausawa sun ce gani ya kori ji.

NA UKU: LAFIYAR ZUCIYA

A wurinmu, in ba mutum ya fita tsirara a kasuwa ba, ba mu yarda yana da ciwon tunani ba. Ɗalibin da baƙin ciki ya danne sai mu ce malalaci ne, wanda tsoro ya hana shi barci mu ce bangaskiyarsa ce kaɗan. Sai a watan Janairu na 2023 ne aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwa ta 1958. Doka ta sauya, amma halinmu bai sauya ba tukuna. Aiki irin na In Bakassi zai iya sa mai ƙoshin lafiya ya ɗanɗana abin da ɗan'uwansa yake ji, ya daina yi masa ba'a. Likitoci ma suna amfani da tabarau ɗin. Tun 1995 aka gwada shi a Amurka wajen taimakon masu tsoron hawa wuri mai tsawo.

INA HAƊARIN YAKE?

Wani zai ce, "Mu da muke fama da wutar lantarki da kuɗin makaranta, ina mu ina wannan?" Maganarsa tana da nauyi. Amma a 2014 kamfanin Google ya nuna cewa da kwali da ƙananan gilasai biyu da wayar hannu ma ana iya haɗa tabarau ɗin. Ba tsada ce ta fi damuna ba. Abin da ya fi damuna biyu ne.

Na ɗaya, wanda ya ɗaura tabarau ba ya ganin na kusa da shi. Yaron da ke gudun damuwarsa zai iya ɓuya a ciki har ya rabu da mutane. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da jarabar wasannin kwamfuta a matsayin ciwo. Abin da ake cewa magani, in ya yi yawa sai ya koma cuta.

Na biyu ya fi wannan girma. Mu tuna da misalin Basamariye a Luka sura 10. Firist ya ga mutumin da 'yan fashi suka raunata, Balawe ma ya gan shi. Babu wanda ya rasa gani a cikinsu. Abin da ya bambanta Basamariyen shi ne ya sauka daga dabbarsa, ya ɗaure raunukan, ya biya kuɗin masauki. Mutum zai iya zubar da hawaye a cikin tabarau na minti goma, ya cire shi ya tafi cin tuwonsa, yana jin kamar ya yi wani abin kirki. Wannan shi ne halin firist ɗin, sai dai an sa masa sabuwar riga.

SHAWARATA

Ga hukumar makaranta, ina roƙo a haɗa masu son zane da masu son kimiyya a ƙungiya ɗaya, a fara da abin da ke hannu, wato waya da kwali. Ga ɗalibai, ku fara da tsofaffin gidanku, ku ɗauki muryarsu da labarinsu tun suna da rai. Kada ku ɗauki hoton kowa sai da izininsa, musamman mai baƙin ciki, kuma ku nemi izinin masu kula da wuraren tarihi. Ga zumuntar ɗalibai da ta mata, duk ranar da aka nuna irin wannan hoto a rufe taron da aiki. In na bishiya ne, kowa ya ɗauki kututture ɗaya ya rene shi har damina. In na mai ciwon tunani ne, a ziyarci wani a unguwa, a raka shi asibiti in da bukata.

Allah ne ya ba ɗan adam basirar ƙera wannan na'ura, shi ne kuma zai tambaye mu abin da muka yi da abin da muka gani. Ubangiji ya ba mu idon gani da hannun taimako, ya albarkaci makarantarmu da ƙasar Daura baki ɗaya. Amin.