Karen Basset a Gonakin Dambatta

A Faransa aka fara kiwon karen Basset domin bin sawun zomo da hanci. Gajartar ƙafafunsa ce ke ba mafarauci damar binsa a ƙasa, ba sai da doki ba. Amma a gonakin Dambatta da Bichi, bayan an kwashe gero da dawa, fili fetal yake, zomo kuwa da gudu yake tsira. Nan karen gida mai dogayen ƙafafu ya fi shi nesa ba kusa ba. Basset wahala zai sha: ƙarangiya da kaska su maƙale a dogayen kunnuwansa, zafin Afrilu ya galabaitar da shi. Wanda ya nace sai ya kiwata shi, ya riƙa goge masa kunnuwa duk mako, ya kuma taƙaita masa abinci, domin ƙiba na lahanta masa baya.