Japan Ɗin Da Shugaban Tawagarmu Bai Gani Ba

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya halarci laccar makon jiya a babban zauren taro ya ji abin da na ji. Babban jami'in nan da ya shugabanci tawagarmu ta ɗalibai shida zuwa Japan ya miƙe ya shaida wa jama'a cewa asirin ci gaban waccan ƙasa shi ne ba a sayar da abinci a bakin titi, saboda haka wai lokaci ya yi da za a tashi masu shayi da masu ƙosai da masu tsire daga ƙofar jami'a. Aka yi ta tafi. Ni kuwa ban tafa ba, domin ina cikin shidan nan, kuma na san abin da ya ci cikin mako biyun da muka yi: burodi da shayi a ɗakin otal, safe da dare, sai garin kwakin da ya ɗauro tun daga gida.

Mu da ba mu da kuɗin guzuri irin nasa, kasuwa muka nufa. A unguwar Dotonbori ta birnin Osaka mun iske layin mutane, har da masu kwat da ɗamarar wuya, suna jiran wani abu wai shi takoyaki. Ƙullu ne ake zubawa a tanda mai ramuka irin ta waina, a jefa masa yankan naman wata halittar teku mai hannaye takwas, a yi ta juya shi da tsinke har ya dunƙule kamar ƙwai. Tun 1935 ake toya shi a birnin. Na ƙona harshena da na farko, amma sai da na ci takwas. A Kyoto mun ratsa kasuwar Nishiki, siririn lungu mai rufi da ya haura shekara 400 ana cinikin abinci a cikinsa, inda muka ci taiyaki, wato wani irin fanke mai siffar kifi da aka cusa wa jan wake da sukari. A can ne aka koya mana ladabi: ba a so a ci ana tafiya. A gaban mai kaya za ka tsaya ka cinye, ka mayar masa da tsinkensa da takardarsa, domin kwandon shara wuyar gani gare shi a titi.

Wai shin Malam ya san asalin sushi, wannan ɗanyen kifi bisa curin shinkafa da manya ke alfahari da sun ɗanɗana? Abincin leburori ne na birnin Edo, wato Tokyo ta yanzu, ana sayar da shi a rumfunan bakin hanya tun farkon ƙarni na 19. Haka kuma taliyar leda da mai shayin ƙofarmu ke dafa mana. Wani ɗan kasuwa, Momofuku Ando, shi ya fara fito da irinta a 1958, kuma abin da ya zaburar da shi shi ne dogon layin mayunwata da ya gani cikin sanyi gaban wata rumfar taliya a Osaka bayan yaƙin duniya na biyu.

To, kada a ce na yi masa rashin adalci. Lalle an yi rusau a Japan. Birane da yawa sun kawar da rumfunansu bayan yaƙin, musamman gabanin wasannin Olamfik na Tokyo a 1964, kuma wanda ya leƙa titin Tokyo ta tagar mota zai iya rantsewa ba mai talla a ƙasar. Amma ai mun kwana uku a Fukuoka, kuma daga ƙofar masaukinmu zuwa bakin kogi a unguwar Nakasu bai fi tafiyar minti goma ba.

A nan ne maganar take. Da la'asar sakaliya sai ka ga ana janyo wasu amalanku na katako, a buɗe su, a jera benci, a rataya fitila da labule, kafin magariba sun zama ɗakunan cin abinci masu ɗaukar mutum takwas zuwa goma. Sunansu yatai. A shekarun 1960 sun haura 400 a birnin. Maƙwabta suka yi ta kuka da wari da ƙazanta da tare hanya, irin kukan da ake yi da namu, har a 1995 'yan sanda suka ce izinin kowace rumfa zai ƙare ne da mai ita. Mutuwar tsaye ke nan, kuma rumfunan suka yi ta raguwa. Sai a 2013, zamanin magajin gari Soichiro Takashima, majalisar birnin ta kafa musu doka tasu ta kansu. Hukuma ta kai musu ruwan famfo da magudanar ruwa da lantarki, su kuma su biya kuɗin wuri. Ba a kafa rumfa kafin ƙarfe 5 na yamma, kuma kafin ƙarfe 4 na asuba an kwashe ta an wanke wurin. Dole a kafa farashi inda kowa zai gani. An hana sayar da ɗanyen abinci. Daga 2016 aka shiga gayyatar sababbin masu sana'a su nemi gurbi. Yau akwai kimanin 100, kuma birnin da su yake tallata kansa ga baƙi.

Na san hanzarin da zai kawo, domin ya kawo mana shi a can: alade da giya. Ba ƙaramar magana ba ce. Shahararriyar taliyar Fukuoka da romon ƙashin alade ake yin ta, ba mu kusance ta ba, kuma miyar da suke shafa wa gashi takan ƙunshi giyar shinkafa. Amma kalma uku muka haddace: buta, wato alade, sake, wato giya, shio, wato gishiri. Da su muka ci gasasshen kifi da gishiri kawai, da gasasshen dankalin Hausa mai zaƙi kamar zuma. Wani dattijo mai rumfa, da na nuna wata tukunya, sai ya gicciya hannuwansa biyu a ƙirji ya girgiza kai, ya yarda ya rasa ciniki don kada in ci abin da addinina ya hana. Taka tsantsan ya halatta ga Malam. Abin da bai halatta ba shi ne ya ba da shaidar kasuwar da bai taka ba, alhali abincin mutane kusan talatin da iyalansu ya rataya a kan shaidar tasa, ga ɗaliban da kuɗinsu bai kai na ɗakin cin abinci ba.

Iyayenmu sun ga rusau a 1985, zamanin yaƙi da rashin ɗa'a, kuma sun ga masu rumfunan sun dawo ba tare da an ƙara musu ko famfo ɗaya ba. Saboda haka ina kira ga majalisar ƙungiyar ɗalibai, a zamanta na gaba, ta nemi a kafa famfo da kwandunan shara a ƙofar jami'a, a ba kowane mai sana'a lamba da lokacin tashi, duba-gari kuma ya riƙa zagayawa kowane mako. Hotunan rumfunan Nakasu da muka ɗauko suna ofishin sakataren ƙungiya, kuma mu biyar a shirye muke mu zauna da Malam gaban jama'a a zauren da ya yi laccarsa, duk ranar da ya zaɓa.